Daga Dawanau Zuwa Bakin Teku: Jagoran Fitar da Kwantena Ba Tare da Ƙona Kuɗi da Gurɓata Muhalli Ba

Duk ɗan kasuwar da ya tura kwantenar riɗi, zoɓo, citta ko ƙaro zuwa Turai daga farkon 2024 zuwa yau, in ya duba takardar kuɗin jirgi da kyau, zai ga wani layi da babu shi a da. Wasu kamfanonin suna rubuta ETS, wasu su haɗe shi da kuɗin mai su raɗa masa wani suna. Kuɗin hayaƙi ne. Jirgi ya ƙona mai, Tarayyar Turai ta caji kamfanin jirgin, kamfanin kuma ya juyo da cajin kan mai kaya. Ke nan maganar kare muhalli a harkar jiragen ruwa ta bar zauren taro a Landan, ta shigo lissafin mutumin da ke zaune a Dawanau ko Maigatari ko Maraɗi, wanda wataƙila bai taɓa ganin teku ba.

Ba kai ke tuƙa jirgin ba, ba kai ke zaɓar man da zai sha ba. Amma daga ranar da aka ɗinke bakin buhu a sito zuwa ranar da ƙugiya ta ɗaga kwantena ta aza a jirgi, kusan komai a hannunka yake, kuma a wannan tsakanin ne mu mutanen tudu muka fi yin ɓarna. Tirela ta yi kwanaki a layi inji na kunne, kwantena ta tafi da rabin ciki, kaya su isa a ce sun yi hunhuna a dawo da su. Kowanne hayaƙi ne da aka tura sama a banza, kuma da kuɗinka aka sayi man. Jagoran na mai fitar da kaya ne da mai shigo da su, ko ta Legas da Onne yake bi, ko ta Lome, Tema, Kwatano ko Duwala.

Mataki na farko: ka iya karanta takardar kuɗin jirgi

Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa suke tafiya, kuma jiragen da ke dakonsu suna fitar da kusan kashi 3 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Hukumar da ke tsara musu dokoki ita ce IMO, reshen Majalisar Ɗinkin Duniya mai hedikwata a Landan. Dokokin da suka taɓa aljihunka kai tsaye ba su da yawa, ya kamata ka san su, don kada ejan ya karanto maka jimla kawai ka zaro ka biya.

Ta farko ta shafi farar wuta. Manyan jirage sun daɗe suna shan wani baƙin mai mai kauri, guntun da ke kwantawa a matata bayan an tace fetur da kananzir da dizal. Hayaƙinsa cike yake da farar wuta, wadda ke jawo wa mazauna bakin teku ciwon ƙirji da asma. Daga 1 ga Janairun 2020 aka rage adadin da aka yarda da shi a cikin mai daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin 100. A wasu tekuna iyakar 0.1 ce, irin su Baltik, Tekun Arewa, gaɓar Amurka da Kanada, da Bahar Rum tun daga Mayun 2025. Mai mai tsafta ya fi tsada, bambancin kuwa yana shiga cajin mai da ake rubutawa BAF ko wani suna makamancinsa, wanda ke hawa yana sauka da farashin kasuwa.

Ta biyu ita ce ETS ɗin nan. Tun Janairun 2024, duk jirgin kasuwanci mai girman tan 5,000 zuwa sama da ya shiga tashar wata ƙasa ta Tarayyar Turai dole ya sayi takardar izini a kan iskar kabon da ya fitar. Ba a ɗora nauyin gaba ɗaya ba: kashi 40 na hayaƙin 2024, kashi 70 na 2025, sannan duka daga 2026. In tafiyar daga waje ta taso, kamar daga Legas zuwa Rotadam, rabin hayaƙin ake lissafawa. Shi ya sa wanda ya biya wannan caji a 2024 ya ga yana ƙaruwa har zuwa 2026, ko da nauyin kayansa bai canza ba. Sai ta uku, FuelEU, ita ma dokar Tarayyar Turai, da ta fara aiki a Janairun 2025. Ita man kansa take dubawa: dole ƙazantarsa ta ragu da kashi 2 daga 2025, kashi 6 a 2030, har kashi 80 a 2050.

A sama da waɗannan akwai alkawarin da ƙasashen IMO suka ɗauka a Yulin 2023, na kawo ƙarshen ƙara wa duniya ɗumi daga jirage wajen shekarar 2050, da rage aƙalla kashi 20 nan da 2030 in aka gwada da 2008. An amince da daftarin cajin hayaƙi na duniya baki ɗaya a Afrilun 2025, amma a Oktoban shekarar aka ɗage zartar da shi. A ganina ɗagewa ce kawai. Mai dabara zai fara shiri a kan cewa hayaƙi zai ci gaba da tsada.

Abin yi a nan guda uku ne. Ka ce wa ejan: "Malam, a rarrabe min kuɗin nan layi-layi, wanne ne na dako, wanne na mai, wanne na hayaƙi." Sannan ka tambayi hanyar da jirgin zai bi. Yawancin riɗinmu Sin da Japan da Turkiyya yake tafiya, zoɓo kuma Meziko. In jirgin ba zai taɓa tashar Turai ba, amma ka ga ETS a takarda, kana da hujjar neman bayani. In kuwa za a sauya wa kayan jirgi a Algeciras ko Balensiya a Sifaniya, to cajin zai shigo. Na uku, ka duba yarjejeniyarka da mai saye. In FOB kuka yi, shi ke biyan jirgi. In CIF ne, kai ne, don haka kada ka yanke farashi da lissafin watanni uku da suka wuce. Wanda ya ga cajin da bai gane kansa ba yana iya kai ƙorafi ga Majalisar Masu Safarar Kaya ta Najeriya, a Nijar kuma ga takwararta, CNUT.

Mataki na biyu: gyara kaya tun daga sito

Kwantenar da ta fi kowacce gurɓata muhalli ita ce wadda aka ƙi karɓa. Ta sha dizal daga Kano zuwa Legas, ta ci man jirgi zuwa wata nahiya, sannan ko a ƙone kayan can, ko a sake dako a dawo da su. Noman shekara guda na gidaje da yawa ya tafi a haka. Shi ya sa nake ganin wannan mataki ya fi sauran nauyi, ko da yake nesa da ruwa ake yin sa.

Abu biyu ke jawo a ƙi kaya: danshi da maganin ƙwari.

Danshi shi ke kawo hunhuna, hunhuna kuma ke haifar da gubar aflatoksin da ke lalata hanta, wadda ake bincike sosai a kanta a gyaɗa, citta da riɗi. Ciza ƙwaya da haƙori ba ya isa awo. Ka sayi na'urar auna danshi, ƙarama ce, kuɗinta bai kai ribar buhu kaɗan ba. Masu sayen riɗi galibi suna neman danshi kada ya wuce wajen kashi 6, busasshiyar citta wajen kashi 12, amma abin da ke rubuce a kwantiraginka shi ne alƙali. Ka auna daga buhunan tsakiyar tari, ba na gefe da iska ke bugawa ba. A shanya a kan tamfol ko siminti mai tsafta, ba a gefen titi inda ƙura da hayaƙin mota da kashin dabbobi ke sauka ba. A sito, a ɗora buhu a kan katako, a bar tazara da bango.

Maganin ƙwari kuwa ya riga ya yi mana illar da ba a manta ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun sinadarin dikulobos a ciki, wanda ke cikin fiya-fiya da ire-irensa. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, an kuwa samu har 4.6. An yi ta tsawaita haramcin shekara da shekaru. Abin da ya fi damuna ba kasuwar da aka rasa ba ce. Waken da Bature ya ƙi, shi ne wanda 'ya'yanmu ke ci a garau-garau da ƙosai. Kada a yayyafa maganin ruwa a kan abin da za a ci, ko na fitarwa ne ko na gida. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda ke toshe iska har ƙwaro ya mutu da kansa, yana yin aikin ba tare da guba ba.

In dole sai an yi turare, a kira kamfani mai lasisi, a samu takardar hukumar NAQS mai kula da lafiyar tsirrai da dabbobin da ke ƙetare iyaka. Ƙwayar fosfin, wadda ake kira bom a kasuwa, tana buƙatar wuri a rufe ruf na kwanaki, wajen biyar zuwa bakwai. Wanda ya buɗe bayan kwana biyu bai kashe ƙwai ba, ya dai koya wa ƙwarin jure maganin. Iskarta tana kisa, don haka kada a ajiye ta a ɗakin da mutane ke kwana ko kusa da shi, kuma a manna gargaɗi a ƙofar kwantena saboda leburan da zai buɗe ta a can. Shi kuma metil buromaid yana cinye rufin ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa, yarjejeniyar Montreal ta taƙaita shi, Turai ta daina amfani da shi tun 2010. Kada a taɓa shi sai in ƙasar da za a kai kayan ta ce lallai sai shi. In da katako za a yi lodi, a nemi mai hatimin ISPM 15 da alamar HT, wato an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30.

Mataki na uku: kwantenar kanta

Kullum kwantenoni na zuwa Kano cike da atamfa, tayoyi, batura da kayan masarufi na Kantin Kwari da Singa. Da yawansu fanko suke komawa Legas. A lokaci guda mai riɗi yana biyan tirela ta kawo masa fanko daga Legas, ko ya loda buhuna a buɗaɗɗiyar mota a sake juye su a bakin tasha. Tafiya biyu ke nan a inda ɗaya ta isa. Ka sa ejan ya tambayi kamfanin jirgin ko yana da kwantenar da ta sauke kaya a arewa, a ba ka izinin lodi a cikinta. Izinin nan sai a rubuce, domin kwantenar tasu ce, kuma sai da kamfanin da ka yi bukin da shi. In ya yiwu, mai shigo da kaya ya huta da kuɗin mayarwa, kai ka samu sauƙin dako, an kuma rage tirela guda a hanya.

In ta iso, kada ka bar wa yara duba ta. Shiga ciki da kanka da rana, a turo ƙofa a rufe, ka tsaya har idonka ya saba da duhu. Duk inda ka ga ɗigon haske a rufi ko a kusurwa, ruwa zai shiga ta nan. Shinshina. In ka ji warin fenti, roba ko sinadari, riɗi zai kwashe shi tas, domin ƙwaya ce mai mai. Shafa tafin hannu a katakon ƙasa ka ji ko da laima ko maiƙo, ka duba robar bakin ƙofa ko ta tsage. Wadda ba ta yi ba, a mayar da ita tun kafin buhu ɗaya ya shiga. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai kuma abin da masu harkar ke kira ruwan saman kwantena. Ana lodi a zafin Kano ko laimar Legas, jirgi ya shiga sanyin arewacin duniya, ƙarfen rufi ya yi sanyi, tururin da ke cikin kaya ya taru a jikinsa kamar yadda yake taruwa a murfin tukunya, ya riƙa ɗiga a kan buhunan sama. Maganinsa a shimfiɗa takarda mai kauri a ƙasa da bango da saman kaya, a rataya jakunkunan tsotse danshi a ƙugiyoyin gefe, a bar ɗan sarari tsakanin kaya da rufi. Kada a yi lodi ana ruwa.

Sannan a cika ta. Kaya masu nauyi irin riɗi ƙafa 20 ta fi dacewa da su, tana ɗaukar wajen tan 19. Zoɓo ba shi da nauyi sai cin wuri, don haka sai doguwa mai ƙafa 40, kuma in an matse shi da inji ya fi shiga. Wanda kayansa ba su kai ba ya nemi abokin haɗin gwiwa. Amma cikawa daban, wuce kima daban. Tun 1 ga Yulin 2016 dokar SOLAS, ta kare rayuka a teku, ta hana ɗora kwantena a jirgi sai da tabbataccen nauyinta, abin da ake kira VGM. Da wannan lamba ake tsara wacce za ta zauna ƙasa, wacce sama. In an yi ƙarya, tari na iya rushewa cikin igiyar ruwa, kwantenoni su zube a teku. A hau sikeli na gaskiya.

Mataki na huɗu: hanyar tudu, inda hayaƙinka ya fi yawa

Mutane kan ɗauka doguwar tafiyar teku ce babbar matsala. In an yi lissafi a kan kowane tan da kowace kilomita, jirgin ruwa ya fi tirela tsimin mai ninkin ba ninkin, domin dubban kwantenoni yake ja da inji ɗaya. Kowace lita ta dizal tana fitar da wajen kilo 2.7 na iskar kabon. A ce tirelarka ta sha lita 450 a kilomita 1,000 da ɗoriya da ke tsakanin Kano da Legas. Hayaƙin ya haura tan guda ke nan, a kan kwantena ɗaya, kafin ta ga ruwa. Wannan na iya kamo rabon da kwantenar za ta ɗauka a tafiyar dubban kilomitoci a teku, ko ma ya wuce shi. In ta koma fanko, sai ka ƙara.

Saboda haka tambayar farko ita ce ko akwai jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano tun 1911, shi ya yi dakon gyaɗar dala zuwa Legas. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a Janairun 2018, ta Dala a Kano a Janairun 2023, ta Funtuwa a 2024, duk da niyyar a gama aikin kwastan a gida, a rufe kwantena, ta wuce kai tsaye. Gaskiyar magana, dakon kaya ta tsohon layin dogo ana yi ana tsayawa, don haka kada ka ɗaura ranar jirgin ruwanka a kan alkawari. Je tashar ka tambayi yaushe jirgi na ƙarshe ya tashi, kwana nawa ya yi. Sabon layin Legas zuwa Ibadan, mai kilomita 157, yana ɗaukar kwantena tsakanin tashar Apapa a Legas da Moniya a Ibadan tun 2023, kuma ko wannan guntun ya raba ka da mafi munin cunkoson. 'Yan kasuwar Chadi da arewacin Kamaru sun daɗe da sanin amfanin layin Duwala zuwa Ngawundare. Na Nijar kuwa, tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kaya da yawa suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa. Layin Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa zai iya sauya wannan lissafi in an kammala shi.

Ko da dogon bai samu ba, yin takardu a tashar tsandauri ko a cibiyar kayan fitarwa ta Lilypond da ke Ijora yana rage zaman jira a bakin ƙofa. Ƙa'idar ita ce kada mota ta tashi sai takarda ta riga ta. Fom NXP na bayyana kayan da za a fitar, takardar dubawa, ta lafiyar tsirrai, bukin na jirgi, duk su kammala. Tun Fabrairun 2021 shiga Apapa da Tin Can sai da tikitin Eto na kiran motoci. Wanda ya san yadda Apapa ta kasance kafin nan, tireloli jere a kan gada mako da makonni, direbobi na kwana a ƙarƙashin mota, mazauna unguwa na shaƙar hayaƙi dare da rana, ya san abin da jira ke jawowa. Ka kuma duba ko Lekki, da ta fara aiki a 2023, ko Onne ta fi dacewa da jirginka, ko kuma a ƙarasa da kwantenar ta baji, wato shimfiɗaɗɗen jirgin dakon kaya, a kan ruwa.

In tirela ce, zaɓi mai lafiya ko da ta ɗan fi tsada. Baƙin hayaƙi mai kauri alama ce ta man da bai ƙone ba, kai ke biyansa. Taya maras isasshiyar iska tana ƙara shan mai, gudun wuce sa'a ma haka. Ka yi magana da direba cikin mutunci: "Direba, don Allah in an tsaya layi a kashe inji, kuma ba na son gudu, na ba da isasshen lokaci." Maganar ba za ta yi tasiri ba sai in da gaske ka ba da lokacin, ka kuma biya shi kuɗin abincin kwanakin. Baƙin man da aka juye a gareji a tara a jarka a sayar wa masu sake tacewa, kada a zubar a kwata.

Mataki na biyar: zaɓen jirgi

A nan ikonka kaɗan ne, amma akwai. Jirgi in ya rage gudu da kashi 10, man da zai sha a tafiyar yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Mai busasshen kaya da ya yi bukin da wuri ba ya buƙatar mafi sauri, balle jirgin sama, wanda hayaƙinsa a kan kowane tan ya ninka na ruwa sau da dama. Ka fifita hanyar da ba ta da yawan sauya jirgi. Tun 2023 kowane babban jirgi yana da makin CII daga A zuwa E a kan tsiminsa na mai, wanda ya ci E sau ɗaya ko D shekara uku a jere sai ya kawo tsarin gyara. Manyan kamfanoni suna da ma'aunin hayaƙi a shafukansu na intanet, ka sa tashar tashi da ta sauka ya ba ka kiyasi.

Za a iya tallata maka dako mai tsafta, kamar ECO Delivery na Maersk ko Ship Green na Hapag-Lloyd. Ka san abin da kake saye: ƙarin kuɗinka yana sayen man tsirrai ko makamancinsa da za a zuba a wani jirgi na kamfanin, ba lallai wanda ya ɗauki kayanka ba, a ba ka takardar shaida. Yana da amfani in mai sayenka yana neman takardar kuma zai raba kuɗin da kai. In ba haka ba, gara ka sa kuɗin a na'urar auna danshi da tirela mai lafiya. Kuma ba duk abin da aka shafa wa koren fenti ne mai tsafta ba. Jirgi mai shan iskar gas ya rage farar wuta, amma yana iya tsiyayar da iskar methen, wadda ta fi kabon kama zafi. Methanol, irin wanda jirgin Laura Maersk ya fara aiki da shi a 2023, yana da tsafta ne kawai in ba daga gas ko kwal aka yi shi ba.

Mataki na shida: faɗi gaskiyar abin da ke ciki

Wannan ya fi shafar masu shigo da kaya. Baturan sola na litiyam, sinadaran wanki, fenti, takin zamani, gawayi, duk suna da dokar lodi ta musamman, kuma bayyana su yana ƙara kuɗi. Shi ya sa wasu ke rubuta "kayan gida" su wuce. Kwantenar da aka ɓoye sirrinta ana iya ajiye ta kusa da zafin inji, in ta kama wuta a tsakiyar teku babu motar kashe gobara. Don a ga girman abin da gobarar jirgi ke yi, a tuna X-Press Pearl, da ya ƙone kusa da Kolombo a Siri Lanka a Mayun 2021 bayan sinadarin asid ya tsiyaya daga wata kwantena. Ƙwayoyin roba suka rufe gaɓar teku, aka hana masunta fita. Gawayi kan kama wuta da kansa, kuma daga 2026 wajibi ne a bayyana shi a matsayin kaya mai haɗari.

Sai shara da ake shigo mana da ita da sunan gwanjo. Yankinmu ya ɗanɗana wannan. A 1988 aka gano dubban gangunan guba daga Italiya, sama da tan 3,000, jibge a wani fili a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu. Abin ya sa Najeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta farko da doka mai hukuncin ɗaurin rai da rai, ya kuma taimaka wajen samar da yarjejeniyar Basel a 1989 da ta Bamako a 1991, masu taƙaita safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe. A Agustan 2006 aka zubar da dattin jirgin Probo Koala a unguwannin Abijan, aƙalla mutum 15 suka mutu, fiye da 100,000 suka nemi magani.

Yau sharar ba a ganga take zuwa ba. Matattun talabijin ne, kwamfutoci da tsofaffin firji, wasu a cusa a cikin motocin tokumbo. Wanda bai yi aiki ba yana ƙarewa a hannun yaran da ke ƙona waya don cire tagulla, suna shaƙar dalma. Gana ta hana shigo da tsofaffin firji tun 2013. A Najeriya mai shigo da kayan lantarki na hannu sai ya yi rajista da hukumar kare muhalli ta NESREA, kuma daga Janairun 2025 yarjejeniyar Basel ta ce duk sharar lantarki sai da amincewar ƙasar da za a kai wa. Ka sa wakilinka a can ya gwada kowane abu a wuta, ya manna masa lamba, ya turo maka jerin kafin a rufe ƙofa. Abin da bai kama ba a bar musu.

Mataki na bakwai: buɗe littafi

Ga kowace kwantena ka rubuta lambarta, nauyin kaya, danshin ranar lodi, maganin da aka sa da wanda ya sa, litar da mota ta sha, kwanakin hanya, kwanakin jira a tasha, sunan jirgi da kowane caji daban. Ka haɗa da garin da aka sayo amfanin, domin masu saye a Turai sun fara tambayar asalin gona, musamman tun dokarsu ta 2023 a kan sare daji da ta shafi koko, waken suya, katako, roba da wasu kayan. Bayan kwantena biyar ko shida, jera shafukan ka duba layin kwanakin jira da na litar dizal. Inda lamba ta fi kumbura, daga nan za ka fara gyara a lodi na gaba.